Sha'anin Mota: Yadda Ake Tambayar Injin Da Wayar Aljihu A Zafin Jimeta

Duk wanda ya taɓa yin watan Maris ko na Afrilu a Jimeta ba ya bukatar a kwatanta masa zafi. Garin yana kwance ne cikin kwarin kogin Binuwai, kuma a tsakiyar bazara ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kafin azahar ta yi nisa. Mutum yana iya neman inuwa ya fake, ya sha ruwan randa. Mota kuwa ba ta da wannan gata. Tana tsaye cikin cunkoso a bakin kasuwar Jimeta ko a mahaɗar Doubeli, kwalta na tururi a ƙarƙashinta, na'urar sanyi na jan ƙarfinta, babu iskar da ke ratsa lagireto sai abin da fanka ta iya turawa. A irin wannan lokaci ne injuna da yawa ke ƙonewa, kuma mafi yawan masu su sukan rantse cewa allurar zafi tana tsakiya har zuwa 'yan mintoci kaɗan kafin hayaƙi ya tashi.

Ba ƙarya suke yi ba. Motocin zamani da yawa an ƙera allurarsu ne yadda za ta zauna daram a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faffaɗan iyaka, domin kada hankalin direba ya riƙa tashi. Sai abu ya ƙazanta take zabura. Waɗansu motocin ma babu allurar sam, sai 'yar fitila shuɗiya da ja. Alhali kuwa ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ta san ainihin zafin a kowace daƙiƙa, digiri bisa digiri. Ta san zafin iskar da injin ke shaƙa, da yawan man da take ƙarawa ko take ragewa, da ƙarfin cajin batir, kuma a mota mai giya atomatik ta san zafin man giya. Abin da ya rage kawai shi ne a san yadda za a tambaye ta.

Asalin ƙofar da ake bi a yi wannan tambaya ba don makanikai aka buɗe ta ba. Hukumomin Amurka ne, musamman na jihar Kalifoniya, suka matsa wa kamfanonin mota saboda hayaƙin da ke gurɓata iska, har aka wajabta cewa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar daga ƙirar 1996 sai ta kasance da tsarin da ake kira OBD-II. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sawu da nasu, motocin fetur daga 2001, na gas kuma daga 2004. Soket ɗin iri ɗaya ne, mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari kusa da gwiwar direba. Da yake galibin motocin da ke yawo tsakanin Yola da Jimeta tsofaffin Amurka ne da na Turai waɗanda suka shigo ta Kwatano ko ta Ikko, soket ɗin na nan a jikinsu, ko da mai motar bai taɓa leƙa wurin ba. Sai dai tsohuwar Fijo 504 ta Kaduna mai kafireto ba ta cikin wannan zance, domin ba ta da ƙwaƙwalwar da za a tambaya. Haka kuma Golf 3 ta Turai, wadda aka ƙera kafin dokar 2001, ba lalle ba ne ta amsa irin wannan tambaya.

Kayan aikin biyu ne: wayar aljihu mai manhaja, da wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, wadda ake cusawa a soket ta riƙa yin tafinta tsakanin mota da waya ta bulutut ko wayfay. Kusan dukan waɗannan na'urori suna ɗauke da sunan ELM327, wanda wani kamfanin Kanada mai suna Elm Electronics ya ƙirƙira. Kamfanin ya rufe a 2022, kuma tun kafin nan ma abin da ya cika kasuwa kwaikwayo ne daga ƙasar Sin. Wani abin dariya shi ne, lambar 1.5 da ake bugawa a jikin yawancinsu, kamfanin na asali bai taɓa fitar da ita ba. Duk da haka waɗansu na kwaikwayon suna aiki sarai, waɗansu kuma, musamman masu araha da aka rubuta wa 2.1, an rage musu umarni da yawa, har sukan gaza a daidai aikin da wannan fili ke magana a kai. Mai wayar iPhone kuma sai ya lura, domin na'ura mai tsohon bulutut ba ta haɗuwa da ita. Manhajojin da aka fi sani su ne Torque, da Car Scanner, da OBD Fusion, sa'an nan FORScan ga masu Ford da Mazda.

To, tambayoyin da ake yi wa mota kashi biyu ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Kashi na farko tambayoyi ne na gama-gari, waɗanda doka ta sa kowane kamfani ya yi amfani da lamba ɗaya. Kowace tambaya tana da lambarta, wadda ake kira PID. Zafin ruwan injin 0105 ne, gudun injin 010C, gudun mota 010D, zafin iskar da ke shiga 010F. Waɗannan manhaja ta riga ta san su, ba sai an koya mata ba. Amma yana da kyau a fahimci yadda suke aiki, domin shi ne mabuɗin kashi na biyu. Idan waya ta aika 0105, mota takan mayar da amsa kamar haka: 41 05 82. Lambobi biyu na farko maimaita tambaya ne, watau motar na cewa ta ji, ga amsa. Na ukun shi ne saƙon. Ba tamanin da biyu ba ne, domin na'urori da sha-shida-sha-shida suke ƙirga, ba da goma-goma ba. Takwas sau goma sha shida 128 ke nan, a ƙara biyu ya zama 130. Ƙa'idar wannan tambaya ita ce a cire 40, sai a sami digiri 90. A rubuce ana cewa A-40, inda harafin A ke tsaye a madadin saƙon farko. Dalilin cire 40 ɗin shi ne don a iya auna sanyin da ya gangara ƙasa da sifiri, abin da bai dami mutumin Yola ba amma ya dami mutumin Kanada.

In adadin yana da girma sai ya zo gida biyu, A da B. Gudun injin misali ne. Idan amsa ta zo 41 0C 0B B8, to A goma sha ɗaya ne, B kuma 184. Ana ninka A sau 256, a haɗa da B, a sami 3,000, a raba huɗu, a sami juyi 750 a minti ɗaya, watau gudun injin da ke tsaye ba a taka masa totur ba. Wanda ya gane waɗannan misalai biyu ya gama da rabin aikin.

Kashi na biyu shi ne tambayoyin da kowane kamfani ya keɓe wa kansa, kuma a ciki ne zafin man giya yake a yawancin motoci. Doka ba ta tilasta a bayyana shi ba, sabo da haka kowane kamfani ya ajiye shi a lambar da ya ga dama. Irin waɗannan lambobi sukan fara da 21, kamar yadda Toyota ta daɗe tana yi, ko da 22, kamar Ford da General Motors da yawancin sababbin motoci. Manhaja ba ta zuwa da su duka. Sai mai mota ko makanike ya shiga wurin saituna, ya nemi sashen ƙarin ma'aunai, ya cika gurabe da hannunsa. A Torque sai wadda ake biya ce ke da wannan sashe. Kafin a soma rubutu ya kamata a duba ko akwai jerin da aka riga aka shirya wa irin motar, domin Car Scanner na tambayar kamfani da ƙirar mota tun farko, kuma sau da yawa takan zo da abin da ake nema.

Guraben da ake cikewa ba su da yawa. Akwai na lambar tambaya, da na suna, da na mafi ƙaranci da mafi yawan abin da ma'aunin zai nuna, da na irin awo, da na lissafi, da na adireshi. Suna da iyaka ba su da wahala: ga zafin man giya ana iya sa sifiri zuwa 150. Guraben da ke kayar da mutane uku ne, lamba da lissafi da adireshi.

Adireshi, wanda masu sana'a ke kira heda, shi ne ke nuna wa aka aika wa tambaya, domin mota ɗaya tana ɗauke da ƙwaƙwalwa da yawa. A motocin da ke magana da tsarin CAN, wanda aka wajabta a Amurka daga ƙirar 2008, ƙwaƙwalwar injin takan zauna a 7E0, ta giya kuma yawanci a 7E1. A waɗansu motocin injin da giya ƙwaƙwalwa ɗaya suke da ita, sai a aika duka zuwa 7E0. Wanda ya aika tambayar giya gidan da ba nata ba, ko dai a yi masa shiru manhaja ta rubuta NO DATA, ko amsa ta zo da 7F a gaba, wanda ke nufin an ji amma an ƙi.

Misali guda ya isa. A tsakanin masu Toyota lambobi biyu sun shahara wajen zafin man giya: 2182 a motoci da dama na wajen 2010 zuwa gaba, da 21D9 a waɗansu da suka girme su kaɗan. A ta farko zafin yana gida na ɗaya da na biyu, watau A da B, a ta biyu kuwa yana can gida na biyar da na shida, E da F. Lissafin da ya fi yawo a intanet Amurkawa ne suka rubuta shi, kuma da ma'aunin Farenhait yake fitowa. Mutum sai ya kwafa bai lura ba, ya ga waya ta nuna 185, hankalinsa ya tashi ya kashe mota a gefen hanyar Numan, alhali digiri 85 ne a ma'aunin Salsiyos da aka saba da shi a Nijeriya, kuma giyar lafiyarta ƙalau. Ga ta farko, A-40 kaɗai ya wadatar a Salsiyos, domin B ɓarɓashin digiri ne kawai.

Babban haɗarin wannan aiki shi ne lambar da ta amsa ba daidai ba, domin wadda ta yi shiru ba ta yaudari kowa ba. Lamba ɗaya tana iya nufin zafin mai a Camry ta wata shekara, ta nufi wani abu dabam a Corolla ko a Camry ta wata shekarar. Waya za ta zana kyakkyawan agogo, allura na motsi, adadi na canzawa, mai mota ya yi ta murna, ashe kallon kitse yake yi wa rogo. Sabo da haka kowane sabon ma'auni sai an yi masa jarrabawa kafin a amince da shi, kuma jarrabawar ba ta cin ko kwabo.

A bar mota ta kwana ba a tashe ta ba. Da asuba, kafin rana ta taɓa ta, a murɗa makulli fitilun dashbod su kama, amma kada a tayar da injin. A wannan lokaci ruwan lagireto da man giya da iskar da ke cikin bututu duk sun huce sun daidaita da iskar gari. In zafin ruwa ya nuna 27, na iska 28, to man giya ma dole ya tsaya kusa da nan. Idan ya nuna 70 ko 5, lamba ko lissafi ba daidai ba ne. Idan ya nuna 40 ƙasa da sifiri, saƙon da ya zo sifiri ne, watau ko dai an karanta gidan da babu kome, ko wayar sensa ta tsinke. Idan ya tsaya cak a 215, gidan cike yake da FF, wanda sau da yawa ke nufin motar ba ta amfani da shi. Bayan an wuce wannan mataki sai a tayar da mota a yi tafiya. Zafin ruwa yakan hau da sauri cikin 'yan mintoci ya tsaya, na man giya kuwa a hankali yake binsa a baya. Ma'aunin da ke tsalle sama da ƙasa duk lokacin da aka taka totur ba zafi yake aunawa ba.

Amfanin wannan wahala yana bayyana ne a kan hanya. Injin fetur mai lafiya yakan yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100, fanka kuma ta kama idan ya doshi saman wannan iyaka, gwargwadon ƙirar mota. Man giya ya fi son zama ƙasa da 100, kuma in ya daɗe sama da 120 yakan soma ƙonewa ya yi baƙi, daga nan sai giya ta fara zamewa. Direban da ya ɗauko kaya da fasinja daga tashar Jambutu zuwa Mubi, tafiyar kusan kilomita 200 ta Girei da Song da Gombi da Hong, ko wanda zai bi ta Mayo Belwa da Jalingo har ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, idan ya sa manhaja ta yi ƙara a 105 ga ruwa da 115 ga man giya, zai sami damar tsayawa tun kafin ɓarna. Tsayuwar minti goma sha biyar a inuwar ɗorawa ba ta kai kuɗin gaskit ba, balle na giyabos.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da wannan 'yar na'ura ke tona wa asiri. Da zarar mota ta shigo daga waje, makanikai da yawa sukan ba da shawarar a cire tamostat, a ɗaura fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa, wai don motar ƙasar sanyi ce. A zamanin kafireto abin bai cika nuna illa a fili ba. A motar zamani kuwa ƙwaƙwalwa na duban zafin ruwa ne kafin ta yanke yawan man da za ta fesa, kuma muddin ta ga injin bai yi ɗumi ba takan ƙara mai. Da safiyar hunturu, a kan buɗaɗɗiyar hanya, motar da aka cire wa tamostat tana iya tafiya mai nisa zafinta bai kai inda aka ƙera ta ta zauna ba. Mai na tafiya a banza, filogi na yin baƙi, wani lokaci fitilar injin ta kama da lambar P0128. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, ana iya kau da kai. Amma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024, wannan al'ada ta zama haraji da mai mota ke ɗora wa kansa. Ba sai an yi gardama da makanike ba, a nuna masa adadin a waya ya gani da idonsa.

Mai shirin sayen mota ma yana da rabo a nan, ko da bai shigar da lamba ko ɗaya da hannunsa ba. Goge fitilar injin aikin daƙiƙa biyar ne, kuma ba kowane dillali ke jin kunyar yinsa ba. Amma a motoci da yawa ƙwaƙwalwa tana riƙe da lissafin kilomitar da aka yi tun bayan gogewa, a lamba 0131, da yawan lokutan da injin ya yi ɗumi tun daga nan, a lamba 0130. Motar da aka ce ta shekara tana aiki lafiya, sai aka ga kilomita 6 kacal tun gogewar ƙarshe, to, ko dai an cire batir kwanan nan, ko akwai abin da ake rufewa. Haka kuma 0106 da 0107 suna nuna yadda ƙwaƙwalwa ke ƙara mai ko rage shi don daidaita ƙonewa. Idan adadin ya zarce kashi 10 cikin ɗari ya zauna a can, akwai inda iska ke satar hanya, ko famfon mai ya raunana, ko sensa ta gaji da ƙurar hunturu.

Kamfanonin mota ba su taɓa son a san lambobinsu na keɓe ba, domin da su dilolinsu ke cin abinci. A Amurka sai da masu ƙananan gareji suka kai maganar gaban masu zaɓe a jihar Masacusets a 2012, suka sake kai ta a 2020, kuma duka biyun suka yi nasara. Duk da haka tun daga ƙirar 2018 kamfanin da ke ƙera Jeep da Chrysler ya sa wani shinge a bayan soket, wanda ke barin a karanta amma ya hana gogewa da ba da umarni sai da izini. Waɗannan motoci suna kan hanyarsu ta zuwa garejin Jimeta kamar yadda na gabansu suka zo. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙungiyar makanikai ta NATA reshen Adamawa, tare da sashen injiniya na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, su buɗe rajista guda ta lambobin da aka gwada a kan motocin da ake hawa a jihar, kowace da ƙirar mota da shekararta da irin injinta da adireshinta da lissafinta. Ɗalibai na neman aikin kammala karatu, riwaya kuma na neman abin da zai dogara da shi ban da jita-jitar intanet. A halin yanzu kowa ɓoye tasa yake yi kamar laƙanin gado.

Sauran abin da ya rage gargaɗi ne. Lambobin da suka fara da 01 da 21 da 22 tambaya kawai suke yi, ba sa canza kome. Amma waɗanda suka fara da 2E ko 2F ko 31 umarni ne, suna iya rubuta wa ƙwaƙwalwa sabon abu ko su motsa wani sashe na mota, kuma bai kamata wanda bai san su ba ya gwada su don ganin abin da zai faru. Lamba 04 kuma ita ce ke goge laifuffuka, har da bayanin halin da injin ke ciki lokacin da laifin ya auku, wanda makanike zai so ya gani kafin a share. Kada a cika fuskar waya da agogo ashirin, domin tambayoyin bi da bi suke tafiya, kuma a tsofaffin motocin da suka riga tsarin CAN layin yana da nawa ƙwarai, huɗu ko biyar sun isa. Direba ya dogara da ƙarar gargaɗi, idonsa na kan hanya, ko ya miƙa wa yaron mota wayar. Wayar da aka manna a gilashi cikin ranar Afrilu kuwa takan riga injin yin zafi ta kashe kanta, gara a sauko da ita gaban bututun sanyi.

Ramin soket na 16 yana ɗauke da wutar batir dare da rana, ko an zare makulli. Na'urar kwaikwayo da ba ta iya yin barci ba, in aka bar ta a ciki mota ta yi kwanaki a ajiye, tana iya tsotse tsohon batir, musamman wanda zafin Yola ya riga ya raunana. A zare ta duk lokacin da za a ajiye mota fiye da kwana biyu, a sa ta cikin akwatin dashbod tare da ɗan littafin da aka rubuta lambobin da suka ci jarrabawar asuba da ranar da aka gwada su.